Ranar da Na Yi Jawabin Godiya a Madadin Guragu da Makafi

Edita, a lokacin da wannan abu ya faru, wato tsakiyar shekarun tamanin zamanin mulkin soja, ni saurayi ne ɗan shekara ashirin da 'yan kai, gurgu, mai girman kan tsiya. Shan-inna ce ta shanye mini ƙafafu tun ban san kaina ba, a ƙauyenmu can kudancin Borno. Mahaifina ma'aikacin coci ne, shi ya dage sai na yi boko, ya riƙa goya ni zuwa firamare har na yi masa nauyi. Da na gama sakandare aka turo ni Maiduguri wurin yayata da ke aure a Bulumkutu, na koyi buga tafireta, na kuma iya, don yatsuna lafiyarsu ƙalau. Ina da keken guragu mai tuƙin hannu, ina da fararen riguna da laktaye guda, kuma a ganina laktayen nan shi ya raba ni da sauran guragun garin. In na hango su zaune a bakin titi ko ƙofar masallaci, sai in ƙara wa keke wuta in kau da kai. In ɗayansu ya ɗago mini hannu, ba na amsawa. In kuwa wani bawan Allah ya yi kuskuren miƙo mini sadaka, to ranar ya shiga uku, don da Turanci nake wanke shi tas a gaban jama'a.

Na daɗe ina yawon neman aiki. Ofis ɗin da ba a bene yake ba, to mai shi zai dubi ƙafafuna kafin ya dubi takarduna, ya ce in dawo wani mako. Daga ƙarshe faston cocinmu ya roƙi manajan wani kamfanin sayar da kayan gini ya gwada ni. Manajan nan a gabana ya faɗa wa fasto, kamar ba na wurin, cewa albarkacinsa kawai zai ɗauke ni gwajin wata uku, amma ranar da na makara ko na yi fashi, shi ke nan, don ya san irinmu, yau ciwo, gobe an zame an tafi bara. Ya ce katin shaidar aiki ma sai na cinye gwajin za a ba ni. Na haɗiye maganar nan kamar na haɗiye ƙaya, na yi godiya. Aikin nan shi ne komai nawa. Mijin yayata mutumin kirki ne, amma ɗaki biyu ne gare su da yara huɗu, na kuma fara ganin gajiya a fuskarsa. Kullum da fargaba nake kwana da ita nake tashi: kada taya ta sace, kada rairayi ya riƙe ni a hanya, kada zufa ta ɓata mini riga. Kafin masinja ya buɗe ofis ina ƙofa. Haka na ci wata biyu da ɗoriya ba a taɓa kama ni da laifi ba, har na fara tambayar kuɗin hayar ɗaki a unguwa.

Sai aka fara cewa wani babban baƙo zai zo daga Legas. Aka shafa wa gindin itatuwan maina, wato dogon-yaro, farar ƙasa tun daga hanyar filin jirgi har cikin gari, rediyo kuma ya ce za a share mabarata daga tituna. Allah ya sani, da na ji sanarwar har cewa na yi da yayata ai an ma makara, sun ishi mutane. Ranar Litinin da safe ina kan hanyar ofis, ban yi nisa da Bulumkutu ba, sarƙar kekena ta tsinke. Don kada baƙin mai ya taɓa mini kaya, na cire riga da laktaye na ninke su cikin jaka, na sauko ƙasa daga ni sai singileti, na hau gyara. Ban ankara ba sai ga babbar mota ta yi burki a kaina. Mutum biyu suka diro, ba sallama ba tambaya, suka kama ni ta hammata suka yi sama da ni kamar buhun albasa. Na yi Turanci, na yi Hausa, na ce ni ma'aikaci ne. Suka ce ina kati, babu kati. Da suka direr da ni cikin motar na ga ta cika da guragu da makafi da kutare, sai na ɗaga murya na nuna su da yatsa, na ce ga mabaratan nan, waɗannan aka ce a kwashe, ni ba irinsu ba ne. Can sai wata mata daga lungu ta ce a matsa wa malam akawu, kada dauɗarmu ta ɓata masa Turanci. Aka yi dariya, motar ta tashi, ina kallo aka jefa kekena da jakata cikin wata motar daban.

Wani tsohon sito aka kai mu a bayan gari, mai rufin kwano da shingen waya. A bakin ƙofa aka tara kekuna da sanduna wuri ɗaya, wai don kada kowa ya gudu. Wanda bai taɓa rasa abin da yake tafiya da shi ba, ba zai gane wannan ba. Rabona da jan gindi a gaban mutane tun ina yaro, sai ga ni ina rarrafe kan rairayi mai zafi zuwa bayan gida, tafin hannuna na ƙuna. Makafi kuwa da aka raba su da sandunansu sai dafa kafaɗar juna suke, suna cin karo da bango. Ni dai na kafe a jikin waya ina kiran duk mai kakin da ya gifta, ina roƙon a aika wa manajana. Duk suka yi kunnen uwar shegu da ni. Ina ganin teburina a ido, ina ganin manaja yana duban agogo yana girgiza kai, yana cewa dama ya faɗa. Aka kawo abinci na kasa ci. Tunanin yayata ma, wadda na san za ta bi asibitoci nemana, bai dame ni kamar tunanin teburin nan ba.

Matar da ta yi mini ba'a a mota ita ta jawo jiki ta kawo mini ruwa da la'asar. Gurguwa ce kamata, ta girme ni sosai, Hausarta da harshen Barebari a ciki, 'yar unguwar Hausari. Turaren wuta take haɗawa tana sayarwa, kuma a kan hanyar kai kaya gidan biki aka tsince ta, kwalabenta duk sun tarwatse a titi. Ta ce in sha ruwa, ihu ba ya buɗe ƙofar nan, wannan ba shi ne karonta na farko ba, duk sanda babban mutum zai zo haka ake musu. Ta nuna mini wani mai gyaran takalma da aka ɗauke daga kan aikinsa, da wani kurma da aka kama yana jiran bas zai je asibiti. Nan take na ga mafita. Na ce mata to ai mu da muke da sana'a kuskure aka yi da mu, mu ware gefe guda mu kai kuka, a bar mabaratan gaske. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta nuna wani tsoho makaho da ke zaune kusa da mu, ta ce wannan baba bara yake yi a ƙofar masallaci, ba ya ɓoyewa, to shi ya halatta a ɗauke shi a jefa a mota ke nan? Tsohon ya juyo da fuskarsa wajen muryata, ya kira ni ɗansa, ya ce ya ji abin da na faɗa a mota kuma bai ji haushi ba. Ya ce shi ma da ƙuruciyarsa tukar igiya yake, sai da masu saye suka koma biyansa rabin kuɗi suna cewa ai taimakonsa suke, sannan ya ga gara ya miƙa hannu a fili a san sadaka ce. Ya ce abin da ya fi ba shi tausayi shi ne kowannenmu yana neman wanda zai nuna ya ce wancan ya fi ni lalacewa.

Washegari na yini a gefensu, don ba ni da wurin zuwa. A nan na ji ashe suna da ƙungiya, guragu da makafi da kurame, duk Juma'a bayan an sauko masallaci suna haɗuwa ƙarƙashin wata maina a Hausari. Sun sha zuwa ofisoshi da buƙatunsu, rumfuna a kasuwa inda keke zai iya shiga, makaranta ga 'ya'yansu, a kuma riƙa tambayarsu kafin a yanke abin da ya shafe su. Kullum a gindin matakala ake barinsu, sai a aiko masinja da 'yan silalla a ce su raba. Mai turare ta ce ita ƙafarta ba ta taɓa hana ta neman abinci ba, abin da ke hana ta shi ne matakala da mutumin da ke zaune a saman bene ya ƙi saukowa. Maganar nan ta tsaya mini a rai. Ni duk rayuwata ƙafafuna nake zargi, nake jin kunyarsu, nake ƙoƙarin a yafe mini su. Ban taɓa tunanin akwai wani mai laifi ban da jikina ba. Amma ko a lokacin, rabin hankalina yana ofis, ina lissafin yau kwana na biyu ke nan ban je ba, ina tsara ƙaryar da za ta fi gaskiya shiga kunnen manaja.

Da yamma sai wurin ya rikice da hidima. Aka share fili, aka kafa allo wai nan cibiyar koya wa naƙasassu sana'a ce, aka sauke kekunan ɗinki na aro da tafireta guda. Ashe baƙon zai kawo ziyara gobe, da 'yan talabijin. Jami'in da ke kula da wurin ya sa aka kawo ni gabansa. Ya ce ya ji ina Turanci, baƙon kuma ba ya jin Hausa balle Barbarci, don haka ni zan yi jawabin godiya a madadin kowa. Ya sa aka nemo jakata aka ba ni rigata da laktayena. Ya ce in na yi abin kirki, da an watse zai mayar mini da keke, ya sa mota ta kai ni, shi da kansa ya yi wa manajana bayani. In kuwa na kawo masa raini, to in sani bayan tafiyar baƙo duk wanda ba ɗan gari ba ƙauyensu za a mayar da shi, ni ma kuma ba ɗan gari ba ne. Na koma wurina.

Ban ko zauna daidai ba mai turare ta iso, tana jan tsohon da gefen zanenta. Labari ya riga ya kai musu. Wannan karon ba ta ce mini malam akawu ba, ƙanenta ta kira ni. Ta ce shekara da shekaru suna neman babban mutum ya saurare su ba su samu ba, yau ga shi an kawo shi har inda suke, kuma bakina kaɗai zai ji. Ta ce ba su ce in zagi kowa ba. In faɗa masa kawai cewa kamo mu aka yi, a mayar mana da kekuna da sanduna, kada kuma a fitar da kowa daga garin da yake zaune. Tsohon ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce shi tun yana yaro ya bar ƙauyensu, ba wanda ya san shi can, in aka kai shi mutuwa zai yi. Na ce musu zan faɗa. Har rantsuwa na yi. Kuma ina ganin a wannan lokacin da gaske nake, sai dai tsoro yana nan zaune a ƙirjina kamar dutsen niƙa.

Gari ya waye, baƙo ya iso da jerin motoci. An zaunar da ni gaban tafireta cikin farar riga da laktaye, sauran an jera su a tabarmi bayana. Aka kawo makirfo saitin bakina, mai kyamara ya matso. Na dubi mai turare, ta gyaɗa mini kai. Na dubi jami'in, shi ko murmushi bai yi ba, agogonsa kawai ya taɓa da yatsa. Na buɗe baki da niyyar in fara da gaisuwa sannan in shigo da maganar, sai gaisuwa ta zarce godiya, godiya ta zarce abin da ban taɓa shiryawa ba. Na ce a da muna watangaririya a tituna muna bara, hukuma ta tausaya ta tsamo mu, ta ba mu abinci da makwanci, ga shi har ta koya mana sana'a. Turanci ya riƙa zubo mini kamar an kunce famfo. Aka ɗauki tafi. Baƙon ya zo ya shafa kaina kamar yaron goye. Mutanen da ke kan tabarmi, da yake ba su ji abin da na ce ba, su ma suka tafa, kuma tsohon nan ya fi kowa tafi, yana ta sa mini albarka da ƙarfi. Mai turare ce kaɗai ba ta ɗaga hannu ba. Ba ta jin Turanci, amma ta ga yadda jami'in ya washe baki, ta kuwa gane.

An mayar mini da kekena, wannan kam an cika. Mota da bayani kuwa, jami'in ya bi ayarin baƙo ban sake ganinsa ba. Na ɗaure sarƙa da waya. Ina shirin fita tsohon ya sa aka kawo shi jikin shinge, ya tambaye ni me baƙon ya ce. Na ce masa ya ce zai duba. Na tuƙa keke ban waiwaya ba. A gida na tarar da yayata idanu sun kumbura, ta zaga asibiti da ofishin 'yan sanda har ta fara cire rai. Washegari tun kafin masinja ina ƙofar ofis, na haddace bayanina tsaf. Manaja bai bari na kai ƙarshe ba. Ya ce ba sai na wahalar da kaina ba, ya gan ni jiya a labaran talabijin, shi da iyalinsa da maƙwabta. An nuno ni an ce ga ɗaya daga cikin mabaratan da aka gyara. Na ce masa ƙarya ce, kama ni aka yi a hanyar zuwa aiki. Ya ce to wa ya yi ƙaryar, ai ba wani ya faɗa ba, da bakina ya ji na ce bara muke yi aka tsamo mu. Ya ce abokan cinikinsa sun san fuskata, ba zai bari a ce kamfaninsa almajiran titi yake ɗauka ba. Ko zama a teburin bai bar ni na yi ba. Wayyo, Edita, da a ce zagina ya yi da ya fi mini sauƙi, amma maganata ya maimaita mini kalma bayan kalma, ba ni da abin musantawa.

Na yi watanni a ɗakin yayata ba na son fita. A coci ana yi mini sannu da wata irin murya, yaran unguwa suna kirana na talabijin. Sai da ƙyar wata Juma'a na tattara ƙarfin hali na nufi Hausari. Suna nan ƙarƙashin mainar. Na yi zaton za a kore ni, ba a kore ni ba. Mai turare ta ce a matsa mini wuri. Ita ta gaya mini cewa bayan tafiyar baƙo an kwashe kekunan ɗinki, an saki 'yan gari bayan 'yan kwanaki, sauran kuma an loda su a mota. Tsohon yana cikinsu, kuma ba a ba shi sandarsa ba. Sun aika cigiya ta bakin direbobi har sun gaji, ba wanda ya zo da labarinsa. Na fashe da kuka a gaban mutanen da na ƙi amsa wa gaisuwa. Ta bar ni na yi mai isata, sannan ta ce ba ta ga laifina don na ji tsoro ba, kowa a wurin tsoro yake ji. Abin da ya ƙona mata rai shi ne rana ɗaya tak aka ba su baki, bakin kuma ya yi godiya. Ta ce in kuka ya ƙare, suna da takardun koke da ba mai buga musu. Tun daga ranar ni ke buga su, a kan tafiretar aro, kuma ba na buga kalma sai na karanta musu da Hausa sun ce haka suke nufi. Mun sha zaman gindin matakala tare. Wasu abubuwan mun samu bayan shekaru, da yawa har yau muna nema. Aikin ofis kuwa ban sake samu ba, a bakin kotu na ƙare ina buga wa mutane takardu.

Abin da na koya, ban koye shi a makaranta ba, wurin mutanen da na raina na koye shi. Na gane cewa raina naƙasasshe ba sai mai ƙafa ba, ni da nake gurgu na fi manajana iya shi, don ni na san inda yake da ciwo. Ina jan kunnen 'yan'uwana naƙasassu da Allah ya ba ilimi: za a zo a ware ku, a ce ku daban ne, a miƙa muku makirfo. Kafin ku karɓa ku tambayi kanku maganar wa za ku faɗa, don waɗanda suka ware ku ba su taɓa ganin bambancin ba, ranar da suka ga dama mota ɗaya za su zuba ku. Ku kuma masu lafiya da ke zuwa da buhunan shinkafa da masu ɗaukar hoto, in kun ga an jera mu an sa ɗaya yana godiya, kada ku tafi da wannan. Ku durƙusa wurin na kan tabarma ku tambaye shi da harshen da yake ji, ku kuma jira amsarsa. Ni na sami damar faɗin gaskiya na sayar da ita don in tsira da aiki, aikin bai tsira ba. Wannan na iya jurewa. Abin da na kasa jurewa har yau shi ne tsohon nan ya hau motar yana zaton na faɗa, yana jiran a duba.